Wa Ke Cinye Tsirran Akwatin Kifi?

Akwatin gilashin da ake kiwon kifin ado a ciki ya fara yawaita a ɗakunan gwajin kimiyya na makarantu da ma gidajen wasu daga cikinmu. Abin da ya fi ƙawata shi kuwa shi ne tsirrai masu rai da ake dasawa a ƙarƙashin ruwan. Sai dai sau da yawa ba a mako biyu, ganye ya huhhuje, wani tsiron kuma ya tuge yana yawo a saman ruwa. Kuɗin da 'yan kulob suka harhaɗa daga na kashewarsu ya tafi, kuma ruɓaɓɓen ganye yana fitar da sinadarin amoniya wanda ke iya kashe kifin.

Kafin mu ɗora wa kifi laifi, mu fara duba ganyen da kyau. Idan gefensa ya yage kamar an gutsira, to baki ne ya taɓa shi. Amma ƙananan ramuka kamar hujin allura a tsofaffin ganye alama ce ta ƙarancin sinadarin fotasiyam, sabon ganyen da ya fito rawaya kuwa yawanci sinadarin ƙarfe ne ya yi masa ƙaranci. Wasu tsirran ma sukan zubar da ganyensu bayan an dasa su, domin a gonakin da ake renonsu a sarari suka girma, ba a cikin ruwa ba. Idan aka yi haƙuri sai su toho. Dodon koɗi shi ma yana shan zargi, alhali yawancin ƙananan da ake gani a akwati mataccen ganye da gansakuka suke ci.

Idan ya tabbata kifi ne, sai mu tambayi wanne. Babban wanda ake tuhuma shi ne kifin zinariya, wanda mutanen Sin suka fara kiwo fiye da shekara 1,000 da ta wuce. Ga wani abu da zai yi muku amfani a darasin bayoloji: wannan kifi ba shi da tumbi irin namu, abinci yana wucewa ne kai tsaye zuwa hanji, haƙoransa kuma a maƙogwaro suke. Shi ya sa yake wuni yana kiwo, ya tsotsi tsakuwa ya tofar, ya ja ganye mai laushi. Ba mugunta ba ce, haka halittarsa take. Karfasarmu ta gida ta fi shi ɓarna. Tana cin ganye, kuma lokacin ƙwai namijin yakan haƙa rami a yashi da bakinsa, duk saiwar da ta shiga gabansa ya tumɓuke ta. Tarwaɗa kuwa ba ma sai mun tsaya a kanta ba, kiwonta a kandami ya fi dacewa.

A ganinmu, tunda ba za a sauya wa kifi hali ba, tsiron za a sauya. Mafi dacewa shi ne anubiyas, kuma abin sha'awa ɗan ƙasa ne: a bakin ƙoramun dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru yake fitowa. Nau'insa da ya fi shahara ya samo suna ne daga Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya biyo ayarin binciken Kogin Neja na 1857. Ganyensa yana da kauri da tauri kamar fata, kifi yakan taɓa ya ƙyale. Ba ya buƙatar haske mai yawa, wanda hakan ba ƙaramin sauƙi ba ne a inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa. Sirrin dasa shi guda ne: kada a binne kaurin jijiyar nan da ke kwance, wadda ganye da saiwa ke fitowa daga jikinta, domin za ta ruɓe. A ɗaure ta da zare a jikin dutse ko guntun icen da aka jiƙa. Bayan wasu makonni saiwar za ta kama da kanta, kuma mai tono ya rasa abin tugewa. Haka ake yi wa tsiron Jaba na kudu maso gabashin Asiya, wanda yawancin kifaye ba sa son ɗanɗanonsa. Aibin su biyun shi ne jinkirin girma. Anubiyas kan yi makonni kafin ya fitar da ganye ɗaya.

Tsirran da dole sai an binne saiwarsu, a dasa su a ƙaramin kasko, a rufe samansa da duwatsun da suka fi ƙarfin bakin kifin.

Sai maganar ciki. Kifin da ke samun ganye a abincinsa yakan rage wa tsirran ado ɓarna, ko da bai daina gaba ɗaya ba. A tsoma ganyen alayyafo ko latas a tafasasshen ruwa na minti ɗaya, ya huce, a saka masa sau biyu ko uku a mako. Abin da ya rage a cire shi kafin ya kwana.

Wasu kan ɗebo kainuwa daga kududdufi su zuba a sama, don kifi ya shagala da saiwarta. Dabarar tana aiki, amma a nan muna jan kunne. Irin dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya yana maƙalewa a jikin tsirran kududdufi, kuma ta fata cutar ke shiga wanda ya tsoma hannu ko ƙafa a ruwan. Kada ɗalibi ya shiga ɗebo ta da kansa. A nemi wadda aka rena a wurin masu sayar da kifin ado, a nuna wa malamin bayoloji ya duba.

Idan duk an gwada kifin bai bari ba, a raba musu gida: shi ya koma nasa akwatin, a kawo wa tsirran ƙananan kifaye irin su gofi, waɗanda ba su damu da lafiyayyen ganye ba. Abin da ba za a yi ba shi ne sakin kifin zinariya a rafi ko madatsar ruwa. A Amurka da Ostireliya waɗanda aka saki sun yi girma sosai, suna tona ƙasan tafkuna suna dagula ruwan da kifayen asali ke rayuwa a ciki.