Shaidar tauraro: yadda ake gane an toshe ta ko an gurɓata ta

Duk wanda ya tsaya bakin ofishin duwan na Ɗan Isa, kan hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Jibiya da Katsina, zai ga manyan motoci jere suna jiran takarda. A yau masu irin waɗannan motoci kan liƙa musu ƴar na'urar GPS, domin Alhaji na zaune a gida ya riƙa ganin inda dukiyarsa take a fuskar salula. To, sai dai ɗigon nan da yake kallo shaida ne wanda ake iya rufe wa baki, ana kuma iya sa shi faɗin ƙarya.

Taurarin GPS, mallakar Amurka, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20 200. Kafin saƙonsu ya iso ƙasa ya riga ya yi rauni, tamkar raɗa a tsakiyar kasuwa. Ƴar na'ura da ake sokawa a ramin kunna taba na mota ta isa ta danne shi. A 2012 wani direba a Amurka ya yi haka don kada uban gidansa ya san inda yake yawo, sai ga shi ya dagula na'urorin filin jirgin sama na Newark. A 2013 hukumar sadarwar ƙasar ta nemi ya biya tarar kusan dala 32 000.

Irin wannan toshewa ba ta da wuyar ganewa. Ƙarfin saƙon dukan taurari yakan faɗi lokaci guda, alhali na'ura na da wuta, layin salula kuma na aiki. Mota ta ɓace a taswira, bayan awa biyu ta ɓullo a wani wuri.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne saƙon jabu. A nan ba a kashe muryar tauraro, kwaikwayonta ake yi, har na'ura ta gaskata. A watan Yuni na 2013 Todd Humphreys da ɗalibansa na Jami'ar Texas sun karkatar da wani jirgin ruwa a tekun Bahar Rum ta wannan hanya, ba tare da wata ƙararrawa ta kaɗa ba. A 2017 kuwa, jiragen ruwa fiye da 20 a tekun Bahar Aswad suka ga na'urorinsu na nuna wai suna kan tudu, a filin jirgin sama na Gelendzhik, a Rasha.

Amma maƙaryaci ba ya rasa tuntuɓe. Taurarin gaskiya suna warwatse a sararin samaniya, ƙarfin kowane daban. Saƙon jabu kuwa daga kusurwa ɗaya yake fitowa, sau da yawa da ƙarfin da ya wuce kima, shi ya sa na'ura mai eriya biyu take iya kama shi. Agogon na'ura yakan yi tsalle. Akan kuma gwada maganar GPS da ta Galileo na Turai, GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin, ko da yake gwanin maƙaryaci na iya kwaikwayon su duka. Don haka ne tun Yulin 2025 Galileo ke sa wa saƙonsa wani hatimi na sirri, wanda sabbin na'urori ke iya tantancewa.

A ganinmu, mai mota a Maraɗi ba sai ya jira waɗannan na'urori masu tsada ba, domin yana da wasu shaidu a hannu: lissafin kilomita na mota, man da ta sha, turken salula da na'urar ta yi magana da shi, da kuma hatimin duwan. In fuskar salula ta ce mota ta kwana a Ɗan Isa, amma saƙon ya biyo ta turken da ke hayin iyaka, ko rajistar duwan ta nuna ta wuce tun la'asar, to, akwai tambayar da direba zai amsa.