Abubuwan da ya kamata ka sani idan sabuwar wayarka ba ta riƙe sabis

Idan sabis ya ɗauke a Daura, kamfanin layi ake fara ɗora wa laifi, kuma sau da yawa laifin nasa ne. Abin da ke ɗaure kai shi ne mutum ya zuba kuɗi masu kauri ya sayo waya sabuwa dal daga kasuwar Farm Centre ta Kano, ya iso gida Sandamu ko Baure, ta riƙa nuna masa sanda ɗaya, alhali 'yar ƙaramar itel ɗin ƙaninsa sabis ɗinta a cike yake, layi iri ɗaya, a ɗaki ɗaya. Irin wannan matsala a jikin wayar take, kuma yawancinta ana iya gane ta tun kuɗi bai bar aljihu ba.

Waya tana fitowa da aibi tun daga masana'anta?

Ƙwarai kuwa, har a wurin manyan kamfanoni. Ranar 24 ga Yuni, 2010, Apple ya fitar da iPhone 4, ya sayar da guda miliyan 1.7 cikin kwana uku. Ƙarfen da ya zagaye gefen wayar shi ne eriyarta, an raba shi da 'yan siraran tsagu. Idan tafin hannu ya rufe tsagar da ke ƙasa ta hagu, sai fata ta haɗe ɓangarori biyu na eriyar, sabis ya zube, wani lokaci kira ya katse. Da wani mai saye ya kai kuka ga shugaban kamfanin, Steve Jobs, amsar da ya samu ita ce ya daina riƙe ta haka. Wannan amsa ta ƙara wa wutar fetur. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada wayar, ta ce ba za ta ba mutane shawarar saye ba. Ranar 16 ga Yuli dole Jobs ya kira 'yan jarida, ya yi alkawarin raba rigar roba kyauta, wadda ke raba fata da ƙarfen. A iPhone 4S na 2011 an sake fasalin eriyar.

A 2018 ma Apple ya amsa cewa wasu iPhone 7 da aka ƙera tsakanin Satumba 2016 da Fabrairu 2018 suna nuna babu sabis saboda wani ƙaramin abu da ya lalace a fanel. An sayar da su a Amurka, Japan, Sin, Hong Kong da Makau. Daga irin waɗannan ƙasashe ne wayoyin hannu na biyu suke kwararowa kasuwanninmu, shi ya sa labarin ya shafe mu.

Sandunan sabis ba mudu ba ne

Babu wata doka da ta ce ga ƙarfin da sanda ɗaya take nufi. Kowane kamfani da lissafinsa. A rikicin 2010 Apple da kansa ya ce wayoyinsa kan nuna sanda 4 a inda ya kamata su nuna 2. Ma'aunin gaskiya lamba ce mai alamar ragi da ake rubutawa da dBm. A wayoyin Android tana cikin saiti, wajen bayanin waya, ƙarƙashin matsayin layi. Wajen -80 sabis ne mai kyau. Idan ta gangara -110 zuwa ƙasa, ana dab da tsinkewa. Da wannan lamba ake gwada waya biyu, ba da sanduna ba.

Don wace ƙasa aka ƙera ta?

Nan ne gizo yake saƙar. Kowane kamfanin layi yana watsa 4G ɗinsa a kan zangon da hukumar NCC ta ba shi lasisi, kuma waya ba ta jin zangon da ba a gina mata shi ba, kamar yadda rediyo mai FM kaɗai ba zai kama tashar gajeren zango ba ko da a gindin eriya aka ajiye shi. A takardar bayanin waya ana rubuta su B3, B7, B20, B28. Airtel ya fara 4G ɗinsa a kan B3, wato mita 1800. MTN yana da B7 mai mita 2600, da B20 mai mita 800 da ya samu bayan sayen Visafone. Glo kuwa da ya buɗe 4G a 2016 a kan B28 ya ɗora shi, mita 700, kuma wayoyi da yawa na lokacin ba su da shi, har mutane suka riƙa cewa layin ne ba ya aiki.

Bambancin nan ya fi cizo a ƙauye. Ƙaramar mita, irin 700 da 800, tana tafiya nesa, tana ratsa katangar ƙasa mai kauri. Babbar mita tana ɗaukar data da yawa amma ba ta nisa, kuma rufin kwano yana karya ta. Wayar da aka ƙera don kasuwar Sin ko Amurka tana iya rasa B20. A tsakiyar Kano, inda turakun sadarwa suke kusa da juna, ba za ka lura ba. Sai ka nufi ƙauyukan Baure, inda turke ɗaya yake ciyar da garuruwa da yawa, ta faɗo 3G ko harafin E na 2G. Tecno, Infinix da itel, waɗanda kamfanin Transsion na Shenzhen yake yi musamman don Afirka, ba kasafai suke da wannan matsala ba. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa suka mamaye hannun jama'a, ba araha kaɗai ba.

Akwai kuma wayoyin da kamfanin layi na waje ya kulle, a nan a buɗe su da wani siririn cif da ake shimfiɗawa tare da layi. Suna aiki, amma sabunta manhaja ko canza layi kan iya ɗauke musu sabis. Tun daga iPhone 14 na 2022 kuma, waɗanda aka yi don Amurka ba su da gidan layi sam, sai eSIM.

Batun 5G gajere ne. MTN ya fara shi a 2022 a birane bakwai, Kano da Maiduguri na ciki, a kan mita 3500 da ba ta nisa. Inda babu shi, a mayar da saitin wayar kan 4G/3G/2G.

Bakin iyaka

Masarautar Daura tana da wani abu da Zariya ba ta da shi. Daga Kwangwalam a Mai'aduwa, da Babban Mutum a Baure, Nijar taku kaɗan ce, kuma iskar sadarwa ba ta tsayawa a shingen kwastan. Sabuwar waya tana zuwa ne a kan zaɓen netwok da kanta. Idan turken gida ya yi rauni, tana iya maƙale wa na Airtel Nijar, Moov ko Zamani, harafin R ya fito kusa da sanduna. Daga nan data ta tsaya, ko kuɗin kati su zurare a farashin ƙetare. Maganin yana cikin saiti: a kashe zaɓen kai tsaye, a zaɓi kamfanin gida da hannu. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga zuwa Matamaye ko Damagaram sai ya tuna ya mayar da shi idan ya tsallaka.

Inda wayar ba ta da laifi

Ranar hawan Sallar Gani, ko ranar da kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ta cika, sanduna suna iya nunawa a cike amma kira ya ƙi shiga, masu POS su yi cirko-cirko: turke ne ya yi wa jama'a kaɗan. Wani lokaci kuma man janaretan turke yana ƙarewa, ko masu aikin hanya su tsinke igiyar sadarwar da aka binne. Ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodebuwa, aka ji a jika a faɗin Najeriya. Layin da aka rufe saboda rashin haɗa shi da NIN ma kan sa a zargi waya. Alamar duk waɗannan ɗaya ce: maƙwabta masu layi irin naka su ma suna kuka. Ana kiran kamfani a 300, idan bai share hawaye ba a kira NCC a 622.

Kafin ka miƙa kuɗi

Danna *#06#, ka gwada lambar IMEI da ta jikin kwali. Nemi lambar samfurin wayar, ba sunanta kaɗai ba, domin suna ɗaya kan zo da samfuri daban-daban na ƙasashe daban-daban, ka duba ko tana da B3, B7, B20 da B28. Sa layinka, yi kira, ka damƙe ta a tafin hannu kana kallon lambar dBm. Raguwa kaɗan ba komai, kowace waya tana yi, amma zubewa warwas aibi ne. Gwajin cikin shago bai wadatar ba, tunda ba a can za ka zauna ba. Ka yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida, a rubuta a rasit, cewa idan ta ƙi riƙe sabis a garinku cikin kwanakin da kuka yanke za a canza. Kuma kafin wa'adin ya cika kada ka bari mai gyara ya buɗe ta, don da zarar an ɓalle bayanta garanti ya tashi.