Me Ya Sa Ɗan Dako Yake Haki?

A Kasuwar Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ɗan dako yakan saɓa buhun gero ko wake mai nauyin kusan kilo 100, kafin ya kai bakin mota numfashinsa ya yi sama-sama. Aiki ne ya ƙaru wa jininsa.

Iskar da ya shaƙa tana gangarawa cikin ƙananan aljihunan huhu, inda oksijin yake ratsa siririn bango ya shiga jini. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai himogulobin, sinadari mai ɗauke da ƙarfe, kowane guda yana riƙe oksijin huɗu. Zuciya ta tura jinin, ya isa tsokar da ke aiki. Zafi da tsamin da ke wurin su ne suke sa himogulobin ya saki oksijin da yawa, daidai inda ake buƙatarsa.

Ita kuma tsoka tana fitar da kabon dayoksaid. Kusan kashi 70 cikin 100 nasa yana komawa bayikabonet, ruwan jini ya kai shi huhu a fesar. Taruwar wannan iska ce, fiye da ƙarancin oksijin, take sa ƙwaƙwalwa ta hanzarta numfashi.

Abin da ya fi damuna game da wannan aiki na himogulobin shi ne garwashin gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Kabon monoksaid da suke fitarwa ba shi da wari ko launi, kuma ya fi oksijin manne wa himogulobin sau fiye da 200. Mutum yana numfashi amma gaɓoɓinsa ba sa samun oksijin. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya.