Auna kulawar haƙoran mata masu ciki ta hanyar kundin na'ura: misalin Amurka

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba wata tambaya wadda ta fi kusa da lissafi bisa ga magani: in gidan likitan haƙori ya ce yana kula da mata masu ciki yadda ya kamata, da me za a gane gaskiyarsa? Za mu ɗauko misalinmu daga Amurka, inda aka yi aiki mai yawa kan batun.

Dalilin ware masu ciki sananne ne. Ciki yana canza sinadaran jiki, sai dasashi ya kumbura, ya riƙa zubar da jini. Hukumar CDC ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na masu ciki suna samun wannan kumburi. Aman laulayi kuma yana cin haƙori. A shekarar 1996 Offenbacher da abokan aikinsa suka nuna alaƙa tsakanin ciwon dasashi da haihuwar bakwaini. A 2006 Michalowicz da nasa abokan aikin suka gwada abin kan mata 823: maganin ya gyara dasashi, bai cutar da ciki ba, amma bai rage haihuwar bakwaini ba. Saboda haka hujjar kulawar ita ce lafiyar bakin macen kanta. A 2013 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta bayyana cewa dubin baki, da hoton haƙori, da allurar kashe wuri, duk ana iya yinsu da ciki.

To, yaya ake awon? Tun 1966 Donabedian ya raba awon aikin likita gida uku: kayan aiki da ma'aikata, aikin da aka yi, da sakamakonsa. Abin da kundin na'ura ya fi iya nunawa shi ne na tsakiya. Ana ɗaukar adadi biyu. Na ƙasa shi ne dukan masu cikin da ya kamata a duba cikin shekara; na sama shi ne waɗanda aka duba bakinsu ko aka wanke masu haƙora. A raba na sama da na ƙasa, a fid da kashi cikin 100. Bayan dokar HITECH ta 2009, wadda ta ba likitoci kuɗi don su bar takarda su koma na'ura mai ƙwaƙwalwa, sai aka yi zaton lissafin zai riƙa fitowa da kansa.

Adadin sama bai da wuya ƙwarai, don kowane aiki yana da lambarsa cikin jerin da ake kira CDT, kuma likita ba ya manta rubuta ta, tun da da ita ake biyansa. Sai dai lambar tana faɗin abin da aka yi ne kawai, ba ta faɗin ciwon da ya sa aka yi shi.

Wahalar tana ga adadin ƙasa, kuma a ganinmu nan ne awon yake tsayawa ko ya faɗi. Kundin likitan haƙori daban yake da na gidan awon ciki a mafi yawan wurare. Likitan haƙori ba ya gwajin ciki. Abin da mace ta gaya masa shi ya sani. Wata ba a tambaye ta ba. Wata ciki bai kai wata biyu ba, ita ma ba ta sani ba. Wata ta faɗa, amma an rubuta maganar cikin bayanin hannu, inda na'ura ba ta leƙawa in tana ƙidaya. Akwai kuma kuskuren da ke bin ɗaya gefen: an sa alamar ciki bara, mace ta haihu, har ta yaye, alamar tana nan ba a share ba. Ciki dai wata tara ne, shekarar lissafi wata 12, don haka in ba a rubuta ranar da ake sa ran haihuwa ba, ba mai iya cewa ko dubin ya faɗo cikin lokacin ciki. Shi ya sa masu bincike ke zaɓo wasu kundaye su karanta da ido, su gwama da abin da na'ura ta fitar, kafin su yarda da ita.

Ko an gyara duk wannan, sauran abu guda. Kundin gidan likita waɗanda suka zo kaɗai ya sani. A ce, a matsayin misali, mata 20 suka zo, aka duba 18: gidan ya samu kashi 90. Masu cikin unguwar da tsoro ko rashin kuɗi ya hana zuwa, ko wani ya ce masu su dakata sai sun haihu, ba su cikin lissafin, alhali su ne aka fi jin tsoro a kansu.

Hanyar da ƙawancen Dental Quality Alliance ya bi ita ce fara ƙidaya daga haihuwa. Asusun Medicaid na marasa ƙarfi yana biyan kuɗin kamar haihuwa 4 cikin 10 a Amurka, kuma tun watan Oktoba na 2022 kowace jiha tana biya wa masu cikin da ke asusun wani sashe na aikin haƙori. Sai a ɗauki ranar haihuwa daga takardun biyan kuɗi, a koma baya wata tara, a duba ko macen ta ga likitan haƙori a tsakanin. Ta haka wadda ba ta zo ba ta shiga adadin ƙasa. Faransa ta samu sauƙin wannan ta wata hanya: ana sanar da asusun lafiya ciki tun watanninsa na farko, asusun kuma yana ba mace damar dubin baki kyauta daga wata na 4, saboda haka ya san wadda aka gayyata da wadda ta je. Amma takardun biyan kuɗi, na Amurka ko na Faransa, ba su faɗin ko dasashin ya daina jini. Wannan sai an koma kundin likitan da ya duba bakin.