Mutum biyar a gaban Mahomes: ba ƙato ɗaya ke gyara layi ba

Tun daren 9 ga Fabrairun 2025, da Philadelphia Eagles ta lallasa Kansas City Chiefs da ci 40 da 22 a wasan Super Bowl a birnin New Orleans, gardama ta ƙi mutuwa tsakanin masu bin ƙwallon Amurka. Wasu sun ɗora laifin a kan Patrick Mahomes, majefin ƙwallon Chiefs, wai hannunsa ya yi sanyi. Wasu da suka fi su lura sun ce matsalar tana layin gaba, wato mutum biyar ɗin nan da ke durƙusawa a gabansa don su tare masa mahara. Sun yi gaskiya, amma sai su ɓata rawarsu da tsalle, su ce magani shi ne a zuba kuɗi a sayo ƙato guda mai suna. Wannan maganar ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Tunani ne na wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, inda ɗan gaba ɗaya kan iya sauya ƙungiya. Layin gaba ba haka yake ba.

A wannan daren sau 6 aka kayar da Mahomes da ƙwallo a hannunsa. Abin da ya fi wannan zafi shi ne Eagles ba ta ƙara ko mutum ɗaya cikin farmaki ba. Mutum huɗu kawai take turawa, su keta biyar, sauran bakwai suna can baya sun toshe duk inda zai jefa. Majefi na bukatar sakan biyu da rabi zuwa uku ya duba fili ya saki ƙwallo. In aka hana shi wannan ɗan lokacin, ƙwarewarsa ba ta da wurin fitowa.

Duk wanda ya taɓa ganin ana ɗora jinka a kan ɗaki ya san sirrin abin. Mutum biyar ne suka kewaye ta, kowa ya sa kafaɗa. A ce ɗaya cikinsu shi ne ƙarfafan gari kaf. In na kusa da shi ya durƙushe, jinkar ta karkace ke nan, ƙarfin wancan bai hana komai ba. In kuma ɗaya ya ɗaga kafin a ce a ɗaga, ita ma karkacewar ce. In ka janye mutum daga kusurwarsa don ya taimaki wata kusurwa, ka bar tasa a buɗe. Masu horar da 'yan tsaro sun san haka sarai. Duk mako suna zama gaban bidiyo suna neman wanda ya fi rauni cikin biyar ɗin, su tsayar da gwaninsu a gabansa. Ba ruwansu da tauraronka, gefensa za su bi.

Chiefs ɗin nan ta sha wannan darasi tun 2021. Kafin Super Bowl na 7 ga Fabrairun shekarar, layinta ya riga ya zube ɗaya bayan ɗaya. Laurent Duvernay-Tardif, wanda likita ne, ya ajiye wasa a kakar 2020 ya tafi kula da marasa lafiya a Kanada lokacin korona. Kelechi Osemele, ɗan asalin Najeriya, ya ji ciwo a gwiwoyinsa a watan Oktoba. Mitchell Schwartz ciwon baya ya kwantar da shi. Sannan mako biyu kafin babban wasan, Eric Fisher mai tsaron gefen hagu ya tsinka jijiyar agararsa. Dubi abin da raunin Fisher kaɗai ya jawo: aka ɗauke Mike Remmers daga gefen dama zuwa hagu, aka fitar da Andrew Wylie daga ciki zuwa gefen dama, aka sa Stefen Wisniewski a gurbin Wylie. Mutum ɗaya ya faɗi, gurbi uku suka sauya. Wanda bai taɓa tsayuwa a layi ba zai ga kamar dama da hagu duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ƙafar da kake ja baya da ita ta canza, hannun da kake fara kai bugu da shi ya canza, kuma jiki ya shekara yana koyon akasin haka. Tampa Bay Buccaneers ta ci 31 da 9. Sau 29 aka matsa wa Mahomes, kuma na'urar da ke bin motsin 'yan wasa ta auna cewa ya yi gudun yadi 497 yana neman wurin jefa ƙwallo.

Abin da manajan Chiefs, Brett Veach, ya yi bayan nan shi ne ake yawan kawowa hujja, kuma ana kawo shi ne a gurguje. Gaskiya ya kashe kuɗi. Ya ɗauko Joe Thuney daga New England Patriots a kan dala miliyan 80 na shekara 5, ya ba Baltimore Ravens zaɓinsa na zagayen farko da wasu ya karɓo Orlando Brown Jr. Amma mutum biyun da suka zama ƙashin bayan layin da araha aka same su, a zaɓen matasa masu fitowa daga jami'a. Creed Humphrey na Oklahoma shi ne na 63 da aka kira. Trey Smith na Tennessee sai da aka kai na 226, a zagaye na 6, domin ƙungiyoyi sun tsorata da gudajin jini da aka taɓa samu a huhunsa. Veach ya sauya gurbi biyar ɗin gaba ɗaya, sannan aka yi abin da ya fi sayen wuya, aka bar su tare.

Zaman taren yana da dalili. Kafin a fara kowane wasa, na tsakiya, wato Humphrey, shi ke ɗaga kai ya nuna da yatsa wanda za a ƙirga daga kansa, kowa ya san nasa. Da an saki ƙwallo, mahara biyu kan yi musayar hanya: na waje ya kutsa ciki, na ciki ya kewayo ta bayansa. Dole 'yan layi biyu su miƙa wa juna su cikin ƙiftawar ido, babu magana. A filin abokan hamayya ma ihun 'yan kallo kan hana a ji muryar majefi, sai na kusa da na tsakiya ya waiwaya, ya ga alama, ya taɓa cinyarsa, sauran su ƙirga a zuci su tashi tare. Wannan ba a saye shi a kasuwa. Ranar 12 ga Fabrairun 2023 wannan layin, a shekararsa ta biyu, ya fuskanci Eagles da ta kayar da majefa sau 70 a kakar. Ba ta kayar da Mahomes ko sau ɗaya ba, alhali yana ɗingishi da ciwon idon sawu. Chiefs ta ci 38 da 35.

Samun irin wannan sabon ya ƙara wuya tun 2011, da yarjejeniyar masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ta taƙaita atisayen da ake sa sulke ana karo na gaske zuwa 14 kacal a cikin kaka. An yi haka ne don lafiyar 'yan wasa, kuma ina goyon bayansa. Sai dai ɗan layi da karo yake koyon aikinsa, don haka mai horar da layi ya zama mutum mai tsada a ɓoye. Eagles ta ɗauki Jeff Stoutland a 2013. A 2018 ta miƙa masa Jordan Mailata, ɗan wasan rugbi daga Ostareliya da bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba, wanda aka zaɓa a zagaye na 7. Shekara biyu yana koyo ba tare da ya buga wasan gasa ba. Shi ne ya tsare gefen hagun Eagles a daren New Orleans.

A nan ne nake ganin sakacin shugabannin Chiefs, kuma abin ya fi ba ni takaici ganin cewa kocinsu Andy Reid shi kansa tsohon ɗan layi ne a jami'ar BYU, ya kuma daɗe yana horar da 'yan layi. Brown, mai tsaron gefen hagu, ya koma Cincinnati Bengals a 2023. An toshe gurbinsa da Donovan Smith na shekara ɗaya, aka sake cin kofi, sai aka ɗauka gefen hagu zai riƙe kansa. Aka shiga kakar 2024 da sabon yaro, Kingsley Suamataia, aka zaunar da shi tun a wasa na biyu. Aka gwada Wanya Morris, aka ɗauko D.J. Humphries da ke murmurewa daga ciwon gwiwa. Daga ƙarshe aka janye Thuney daga ciki, inda ya fi kowa iyawa, aka kai shi gefe, inda ake son mai dogon hannu, Mike Caliendo ya shiga gurbinsa. Kuskuren 2021 ne aka maimaita, wannan karon ba don tsautsayi ba. Thuney ya yi iya ƙoƙarinsa, bai kamata a ga laifinsa ba.

Na san akwai iyakar albashi. A 2025 dala miliyan 279.2 ce ga kowace ƙungiya, kuma Humphrey da Trey Smith da suka zo da araha yanzu manyan kuɗi suke ci. Shi ya sa aka sayar da Thuney ga Chicago Bears a watan Maris na 2025. A Afrilu kuma aka zaɓi Josh Simmons na Ohio State a lamba ta 32 don ya riƙe gefen hagu, shi ma yana jinyar gwiwa, bayan tun a watan Maris an ɗauko Jaylon Moore daga San Francisco 49ers, wanda ya zauna cikin shiri. A wurina ɗaukar Moore ta fi muhimmanci, duk da ba shi jaridu suka yi ta yayatawa ba, domin shi ne aka tanada ya shiga ranar da wani ya faɗi ba tare da an tayar da mutum uku daga gurabensu ba.