Injin ban ruwa: in bis ya ƙi kwancewa

Tun daga farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta kira jama'a zuwa noman rani, lambuna suka yawaita a Nijar. A fadamar Tarka, a Majiya, a Galmi, a Gulbin Maraɗi, wurare da yawa jigo da guga sun bar ma injin ban ruwa wuri. Inji ya rage wahala. Amma ran da ya tsaya, albasa ba ta jira. Fangalin da ya kwana uku bai sha ba cikin iskar hunturu, mai shi zai ga sakamako a buhu.

Sau da yawa abin da ya tsai da inji ƙarami ne: datti cikin karbirato, ko buji ya yi baƙi. Aikin awa ɗaya ne. Abin da ke mai da shi aikin mako, bis ne guda ɗaya da ya ƙi kwancewa, aka matsa mishi har kanshi ya cinye, ko ya karye a ciki. Daga nan sai ɗora inji bisa amalanke a nufi Madawa ko Ƙonni, ga kuɗin hanya, ga kuɗin gyara, ga lambu babu ruwa.

Mi ke sa bis ya maƙale? Jikin waɗannan ƙananan injuna, irin su Honda da Robin, alminiyom ne, ƙarfen nan mara nauyi na tukwane. Bis kuwa baƙin ƙarfe ne. In ƙarfe biyun nan suka daɗe manne da juna, ruwa yana shiga tsakaninsu, sai wani farin gari ya fito ya cika haƙoran bis. Shi ne ke riƙe shi. Injin ban ruwa kullum cikin laima yake, shi ya sa ya fi sauran injuna wannan ciwo. Wajen bututun hayaƙi kuma, zafi da tsatsa ne ke aikin.

Murɗawar farko ita ce mai muhimmanci, don kan bis bai ɗaukar kuskure da yawa. Kowane kile da lambarshi rubuce a jiki. Injunan Japan, da na Sin da aka kwaikwaya daga gare su, yawancin bulon ɗinsu 8 ne, ko 10, ko 12. Motocin Turai irin su Peugeot sun fi amfani da 13. To, akwai mai ɗauko kile 13 ya sa bisa kan 12, ya ce ai ya shiga. Ya shiga, amma yana rawa. Murɗi biyu, kusurwoyin bulon sun goge, kai ya zama kamar ƙwallon goriba. Kile mai zobe, wanda ke kama kai ta kowane gefe, ya fi mai buɗaɗɗen baki nesa ba kusa ba.

Haka turnabis. Bis ɗin karbirato masu kan gicciye, wasunsu da ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Alama ce ta ƙirar Japan. Turnabis na kasuwa bai cika zama daidai cikinsu ba, yakan zame ya yi sama ya ci kan. A share ƙasa daga cikin gicciyen da allura. A zaɓi turnabis wanda ya cika ramin. A danna da ƙarfi, a murɗa a hankali: dannawa ta fi murɗawa yawa. In ya zame sau ɗaya, a tsaya. Zamewa ta biyu da ta uku su ke kashe bis.

In ya ƙi, sai mai da haƙuri. A zuba kananzir ko gazwal, ko man feshi irin WD-40 in akwai, a gindin bis. A ɗora turnabis a kai, a ɗan doddoke shi da guduma, duka mara ƙarfi, don garin da ke ciki ya farfashe mai ya samu hanya. A bar shi ya kwana. Nan ne masu lambu da yawa ke kasawa, don ganin albasa na jiran ruwa bai barin mutum ya zauna. Amma gara a ari injin maƙwabci na yini ɗaya, a biya mai. Da safe, a fara ɗan ƙara ɗaure bis kaɗan, sannan a sassauta. A yi ta kai da komo. In ya motsa, kada a yi gaggawa: a ƙara mai, a ci gaba.

Wuta ita ce dabara ta gaba. In aka ɗumama su tare, alminiyom yana buɗewa wajen ninki biyu na baƙin ƙarfe, sai rami ya saki bis. Don haka jikin inji kewaye da bis ake ɗumamawa. Wani lokaci tafasasshen ruwa ma ya isa. Sai dai hattara biyu. Ta farko, a juye esansi duka, a cire tanki, a goge man da aka zuba. Karbirato kuwa ba a kai mishi harshen wuta ko kaɗan. Ta biyu, alminiyom bai yin ja kamar ƙarfen maƙera. Yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya nuna alama ba. Mai jiran ya ga ja, rami zai gani.

In kai ya riga ya cinye, ba a yanke ƙauna ba. Ana yanka mishi sabon tsagi da zarton ƙarfe, a sa turnabis mai faɗin baki. Ana kama shi da pensi mai kullewa. Ana ɗora kurfi a gefen kan, a doka shi ya juya wajen hagu. Makanikai da yawa suna da turnabis na duka, wanda ke murɗawa da kanshi in an buga mishi guduma. Ƙungiyar masu lambu tana iya sayen guda ɗaya na kowa.

In kuwa bis ya karye cikin rami, aikin ya fita hannun mai lambu. Mai walda yana ɗora noti bisa guntun, ya cika tsakiya da walda. Waldar ba ta kama alminiyom, zafinta kuma yana kashe tsatsa. In ya huce, a sa kile a fito da shi. Wannan ya fi huji. Huji in ya kauce daga tsakiya, haƙoran rami zai ci, don alminiyom ya fi bis taushi. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ake murɗawa cikin hujin don a zaro guntu. Yana da tauri ƙwarai, amma yana karyewa, in kuma ya karye ciki bakin huji na yau da kullum bai cin shi.

Wajen maidawa, bis ɗin da kanshi ya lalace ba a mai da shi, a sayi sabo a kai tsohon a gwada. Kowane bis ya koma raminshi, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo cikin gajeren rami yana fasa jikin inji. A huda kwali a soke su bi da bi yayin kwancewa. A shafa ɗan mai a haƙora, a fara murɗawa da yatsu kafin a sa kile. Buji kuma sai inji ya huce ake kwance shi. In aikin rani ya ƙare, a buɗe ƙaramin murfin da ke ƙasan famfo, ruwan ciki ya tsiyaye duka kafin a kai inji ɗaki.