Makomar Mota: Lantarki, Tuƙa-kai da Sufurin Haɗaka a Ma'aunin Garuruwan Hausa

A shekarar 2016, a bikin baje kolin motoci na birnin Faris, kamfanin Daimler na ƙasar Jamus ya dunƙule hasashensa game da motar gobe cikin siffofi huɗu: mota mai haɗe da intanet, mai tuƙa kanta, mai amfani da lantarki, wadda kuma jama'a za su riƙa tarayya a kanta maimakon kowa ya mallaki tasa. Tun daga lokacin ake ambaton siffofin nan tare, tamkar 'yan huɗu da aka haifa rana ɗaya. Sai dai shekarun da suka biyo baya sun nuna kowace da irin saurin tafiyarta, kuma wadda ta fi cika shafukan jaridu ba ita ce za ta fara isa tashoshin Kano ko Maraɗi ba.

Lantarki ne ya yi wa sauran nisa, dalilin kuwa shi ne batir. A shekarar 2010 kuɗin batirin litiyam da ke riƙe kilowat-awa ɗaya ya haura dala 1,000. Zuwa 2024 ya sauko ƙasa da dala 150. Da yake batir ne kaso mafi tsada a jikin motar, faɗuwar farashinsa ta ja na motar ƙasa. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. A Norwe, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a wannan shekara ba sa shan fetur ko kaɗan. Birnin Shenzhen kuwa tun ƙarshen 2017 ya mayar da motocin safa nasa, sama da 16,000, masu amfani da lantarki. Ko a Afirka, Habasha ta hana shigo da motocin fetur da na dizal a 2024, tana dogaro da wutar madatsun ruwanta.

A nan ne mai nazari zai yi hattara da kwaikwayo. Nijeriya, mai mutane sama da miliyan 200, abin da babban layin wutarta ke rarrabawa bai cika wuce megawat 5,000 ba. Tsarin Norwe, inda mutum ke jona motarsa a gida ya kwanta barci, ba zai yi tasiri a unguwar da ke kwana biyu ba wuta ba. Misalin da ya fi kusa shi ne na Kigali, inda kamfanin Ampersand ya raba babur da batirinsa: ɗan acaɓa ya mallaki babur, batiri kuma haya yake yi, idan ya ƙare ya tsaya a wurin musanya ya karɓi cikakke cikin 'yan mintoci. Kamfanin Spiro na yin irin wannan a Binin da Togo. A Maiduguri ma, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan motocin haya yana sanya musu na lantarki. Hikimar a fili take: abin hawan da ke yini a kan titi shi ya fi shan mai, don haka shi zai fi saurin mayar da kuɗin batir. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara wa wannan lissafi ƙarfi.

Wannan ya kawo mu ga siffar tarayya, wadda Turai da Amurka ke ɗauka baƙon abu da manhajoji irin su Uber suka zo da shi. Bahaushe ya daɗe a cikinta. Motar haya, acaɓa da A-daidaita-sahu duk sufurin haɗaka ne, kuma bayan hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a farkon 2013, mai ƙafa uku ya zama ƙashin bayan zirga-zirgar birnin. Abin da manhaja za ta sauya shi ne wanda ke riƙe da ragamar. A tasha, ɗan kamasho da shugabannin ƙungiyar direbobi ne ke tsara layi, su yanke kuɗin mota, su sasanta rikici, su ma karɓi saƙo a kai wani gari bisa amana. Manhaja na yin aikin farko da na biyu, ta ɗauki kasonta, amma ba ta zuwa ta'aziyya idan direba ya rasu. Tasha wata cibiya ce ta al'ada mai harshenta, karin maganarta da rubuce-rubucen jikin motocinta, kuma ya kamata masu nazarin Hausa su taskace su tun kafin tsarin ya sauya kama.

Haɗa mota da intanet bai da hayaniya, amma ya riga ya shigo. Tun 2018 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfuran motoci na'urar da ke kiran agaji da kanta idan an yi haɗari. Motar da ke iya kiran agaji kuwa tana iya faɗin inda mai ita ya kwana, shi ya sa a farkon 2025 Amurka ta kafa dokar taƙaita manhajojin Sin da Rasha a irin waɗannan motoci.

Saura tuƙa-kai, wadda ta fi kowace alkawari da yawan saɓawa. Injiniyoyi sun kasa ta mataki shida, daga 0 zuwa 5. Yawancin motocin da ake tallatawa da sunan masu tuƙa kansu suna mataki na 2 ne, inda dole direba ya sa ido. Mataki na 4 shi ne na kamfanin Waymo, wanda ya buɗe wa jama'a tasi marar direba a yankin Phoenix a Oktoban 2020, da na Baidu a birnin Wuhan. Irin wannan mota na haɗa kyamara, rada da na'urar auna tazara da hasken leza, tana kuma aiki ne kawai a unguwannin da aka zana taswirarsu daki-daki. Mataki na 5, wato ko'ina a kowane yanayi, babu wanda ya kai shi. Hanyar ma ba ta rasa jini ba: a Maris 2018 motar gwaji ta Uber ta kashe wata mai tafiya a ƙasa a Tempe, a Disamban 2024 kuma General Motors ya daina zuba kuɗi a tasin Cruise bayan haɗarin San Francisco na 2023.

Titin da ya dogara da ɗaga hannu, haɗa ido da ƙaho, wanda mota ke rabawa da amalanke da garken shanu, ga ƙurar hunturu mai rufe idon kyamara, zai daɗe yana buƙatar direba. Amma tambayar da tuƙa-kai ta tayar ta riga motar isowa: idan ta buge mutum, wa za a kama? Birtaniya ta amsa a dokarta ta 2024, inda ta ɗora alhakin tuƙin a kan kamfanin da aka ba izini, ta sauke shi daga kan wanda ke zaune a ciki. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ɗaliban fiƙihu a ƙasar Hausa suka sani sarai, an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta, mai janta da mai kora ta. Motar da ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun, sai injiniya a wata nahiya da mai jari a wata, mas'ala ce da kotunan shari'a da malaman harshe za su nema wa hukunci da suna.